Jar Fitila a Tudun Barón

Sau uku batir ya mutu a mako guda.
Na ukun a bakin kasuwar kifi,
ƙanƙara tana narkewa a but,
ni ina murɗa makulli,
mota tana ƙyat-ƙyat kamar ƙadangare a gwangwani.

Na ce batir ne. Baba Eleuterio ya ce,
"Ximena, ba a zagin tulu idan rijiya ta ƙafe.
Mai ciyar da shi ne ya gaji.
Altaneta."

Asabar, hazo ya taso daga teku
ya rufe Valparaíso har wuya.
Titinmu a tsaye yake kamar tsani,
sai da muka danne tayoyin tsohuwar Fijo da duwatsu biyu.
Na fito masa da kujera bakin ƙofa.
Shekara talatin yana kwana ƙarƙashin bas-bas,
yau hannunsa ba ya riƙe kofin shayi
sai rabi ya zube.

"Cire baƙar wayar batir tukuna.
Wuta ba ta san ke 'yata ce ba."
Na cire.
"Kalli yadda bel ya zagaya kafin ki taɓa shi."
Na zana a bayan kwalin madara,
ya karɓa, ya kai har hanci, ya ce zanen ya yi kama da hanjin kaza.

Na sassauta, bel ya saki jiki.
Wayoyi biyu a baya: ta soket da ta noti.
Ƙusar sama ta fito ba gardama.
Ta ƙasa kuwa,
tsatsar gishirin teku ta riƙe ta shekara goma sha tara.
Na ja, ta ƙi. Na zuba mai, ta ƙi.
Sifana ta kuɓuce, ƙarfe ya ɓare mini bayan yatsa,
na faɗi kalmar da ta sa Doña Fresia rufe taga.
"Zura bututu a gindin sifanar," in ji shi,
"ƙarfi ba a dantse yake ba, a tsawo yake."
Ƙiiii.
Ta motsa.

Na ciro shi, nauyi kamar jariri mai wata biyu,
baƙi ƙirin, yana warin ƙonanniyar waya.
Na ɗora sabon, wanda ba sabo ba ne,
na kwance ne, daga wani fili a Quilpué.

Sai noti ya zame daga yatsuna.
Ting, ting, ting.
Ya kama gangara.
Ɗana Baltazar ya jefar da tocila ya bi shi,
ya wuce shagon burodi, ya wuce karen da ke barci,
ya dawo yana haki, hannu wayam.
Ina jin yanzu yana ƙasan teku da jiragen ruwa.

Baba bai yi dariya ba. To, ya ɗan yi.
Ya laluba aljihun rigar sanyi,
ya fito da gwangwanin alewa mai tsatsa.
Da yatsa kawai, ba da ido ba,
ya zaɓo ɗaya. Ya zauna daram.

Bel ya koma bisa hanjin kazar.
"Danna da babban yatsa. Kar ya yi lakwas, kar ya yi kuka."
Baƙar waya ta koma ƙarshe.

Na murɗa.
Inji ya yi tari, ya kama.
Jar fitilar da ta zuba mini ido tun Litinin
ta lumshe.
Mita ta nuna goma sha huɗu da ɗoriya.
Shi bai tambayi mita ba.
Ya karkata kunne, ya ce, "Yana ci."

Na ɗauki tsohon zan kai bola.
"Kawo nan."
Ya ɗora a cinya, yana juya bakinsa a hankali,
mai yana ɓata masa wandon zuwa coci.
"Gawayinsa ne kawai ya cinye," ya ce.
"Sauran jikin da ransa."

Ban ce komai ba.
Na shiga na ɗora ruwan shayi,
na cika masa kofi rabi.